Me Ya Sa Ruwan Kududdufi Ke Yin Kore da Bazara?

Tambaya: Kududdufin unguwarmu a Kano yakan yi kore shar da bazara, har mukan wayi gari mu tarar da karfasa sun mutu a bakin ruwa, amma da damina ta kankama sai abin ya lafa. Mene ne dalili?

Amsa: Malam, koren da kake gani cincirindon ƙananan halittu ne da ake kira filankton, waɗanda galibi ba a ganin ɗayansu sai da madubin likita. Wasunsu da hasken rana suke haɗa abincinsu kamar tsiro, wasu kuwa ƙananan dabbobi ne da ke kiwo a kan na farkon.

Tushen matsalar shi ne abin da ake zubawa. Ruwan lambatu, da na wanki, da kashin dabbobi, da dattin mayanka duk suna ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras, wato abin da manomi ke saye a buhun takin zamani. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, ruwa na ƙafewa, takin ya ƙara kauri, kuma kududdufi ba ya gudu. Wannan yanayi ne jinsin sayanobakteriya, ɗaya daga cikin filankton masu haɗa abinci da hasken rana, ya fi so, domin yana taso wa saman ruwa ya shimfiɗu kamar an zuba fenti, ya tare wa sauran haske. Ƙananan dabbobin ruwan da ya kamata su rage shi ba sa iya cinsa sosai.

Da rana waɗannan halittu suna sakin iskar oksijin, da dare kuwa shaƙarta suke yi tare da ƙwayoyin da ke ruɓar da matattunsu, saboda haka kafin asuba iskar ta kusa ƙarewa. Karfasa takan taso tana buɗe baki a saman ruwa har ta mutu, tarwada kuwa takan tsira saboda tana iya shaƙar iskar sarari. Damina tana sirka takin, laka kuma ta dagula ruwa ta rage haske.

Abin da ya fi damuna shi ne guba. Wasu sayanobakteriya suna fitar da dafin da ke lahanta hanta, kuma tafasawa ba ta kashe shi. A 2014 an hana mazauna birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo kusan kwana uku saboda shi. Ku hana yara wanka a ciki, kada a shayar da dabbobi, sannan ku haɗa kai da mai unguwa a karkatar da lambatun da ke kwarara cikinsa.