Jos Ko Turkiyya? Amsar Kawu Kan Shirun Mahaifi

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce takardu biyu ne a hannunka: wata gidauniya za ta biya maka kuɗin makaranta ka karanta likitanci a Jami'ar Jos, wata jami'a mai zaman kanta a Turkiyya kuma ta yafe maka kuɗin karatu. Da ka gaya wa Babanka sai ya ce "Allah Ya zaɓa mafi alheri," bai ƙara ba. Kana tambaya ko izini ke nan, kuma ko a al'ada rashin kyautawa ne ɗan fari ya zaɓi nesa.

Ba izini ba ne, ba kuma hani ba ne. Uba ba ya yanke magana irin wannan a tsaye, daga bakin yaro kai tsaye. Jira yake a kawo masa ita ta hanyarta. Kai ka sha gaban hanya, shi ya sa ya rufe ka da addu'a.

Tafiya neman ilimi kuwa ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Tun da can ana tura yara Gabas don Alƙur'ani, Zariya don nahawu. Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan karatu a 1945. Sai dai ba a taɓa sallamar yaro haka kawai ba. Sai an san hannun wa za a damƙa shi, wa zai ci da shi, yaushe zai dawo. Tambayoyin nan uku su ne ke cikin shirun Babanka.

Ka fara da mahaifiyarka, ku biyu, bayan isha'i. Kai ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta yi maganarka a gaban mutane ba, don haka kada ka ɗauki "duk yadda Malam ya ce" a matsayin ra'ayinta. Sannan ka je wurin Baffanka babba da takardun a hannu. Shi zai kai maganar, don shi ne daidai da uba a kanka. Ni kawu nawa roƙo ne da shawara, ba yanke hukunci ba. Ka yi istihara kafin ka je, ba bayan zuciyarka ta riga ta hau jirgi ba.

Amma kada ka je wa Baffa da hoton gine-gine a waya. Ka je da lissafi. Yafe kuɗin karatu daban, ɗaukar nauyi daban. Tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ake kira Türkiye Bursları, ya haɗa da masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da ɗan kuɗin wata. Naka na jami'a ne, don haka ka rubuta musu su amsa a rubuce: wa ke biyan ɗaki, abinci, inshora da sabunta takardar zama? Da wane harshe ake koyarwa? In da Turkanci ne akwai shekarar koyon harshe kafin shekara shida ta likitanci, ka ji ko ita ma an yafe. Ko da Turanci ake koyarwa, majinyacin da za ka duba a asibiti Turkanci zai yi maka. Sannan wane maki ne in ka gaza shi za a janye tallafin? A nan yara suka fi faɗuwa: a shekara ta biyu ko ta uku karatu ya yi nauyi, maki ya sauka, a wayi gari ana neman cikakken kuɗi da Dala.

Duk abin da ba su ɗauka ba ka tara shi na wata goma sha biyu, ka ninka da bakwai, ka mayar Naira, ka kuma bar sarari mai faɗi. A watan Mayun 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Gidajen da suka yi lissafi da tsohon farashi filaye suka sayar. Kada a dogara da "dangi za su taimaka." Gudunmawar dangi ta ranar tafiya ce, guzuri ne, ba albashi ba.

Akwai kuma dawowa. Likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci, kafin a ba shi lasisi a Najeriya, kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardarsa kafin bautar ƙasa. Tun yanzu ka bincika ko sun san da wannan jami'ar. Wanda duk ya ce ka tura kuɗin "ajiye gurbi" cikin asusun wani mutum, ka rabu da shi.

Jos ma ba kyauta take ba. Yajin aikin ASUU ya ci kusan wata tara a 2020, wata takwas a 2022, kuma rikicin Agustan 2021 ya sa an dakatar da karatu. Shekara shida tana iya zama bakwai. Waje ma bai tsira ba, ka ga yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023. Abin da ya fi ba ni tsoro a kusa shi ne gida kansa. Ɗan fari da ke kwana a gida shi ne na aike, na jiran shago a kasuwar Taminus, na rakiyar asibiti, na wakiltar uba a ɗaurin aure da ta'aziyya, kuma ba ya iya cewa a'a. In Jos ce, Baffa ya nema maka sharaɗi tun farko: ka zauna a ɗakin ɗalibai, ka riƙa zuwa gida ranar Juma'a ko ƙarshen mako. In an kai shekarun asibiti, asibitin koyarwa na jami'ar, wato JUTH, a Lamingo yake, jigilar Keke kullum daga unguwarku za ta cinye maka lokacin karatu.

Ra'ayina, in dai Turkiyya kuɗin karatu kaɗai ta ɗauka, ka yi digirin farko a Jos, ka nemi waje a karatun ƙwarewa. In sun rubuto cewa har ci da kwana sun ɗauka, kuma an samu mutumin kirki a garin da Babanka zai yi magana da shi baki da baki, zan tsaya maka. Kafin nan ka shiga CAPS, shafin JAMB na karɓar gurbin karatu, ka karɓi gurbin Jos kada wa'adi ya wuce, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma kada ka sa hannu a takardar gidauniyar sai ka karanta ko akwai sharaɗin mayar da kuɗi in ka bari. Ka kawo min takardun biyu ranar Asabar bayan la'asar mu duba, sai mu wuce gidan Baffanka tare.