Amsa ga ɗan'uwan da ke tsoron faɗa wa likita yana allurar ƙara tsoka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce wata huɗu ke nan kana yin allurar Sustanon da Deca, kana haɗawa da ƙwayar Dianabol da kaftin ɗin nadinku, wato mai horar da ku a gidan motsa jiki, ya sayar maka. Yanzu ciwon kai ya matsa maka, an auna an ga jininka ya hau, ga aure kana shiri bayan Babbar Sallah, kuma kana tsoron in ka faɗa wa likita maganar ta kai kunnen kafil, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zamanka a Saudiyya, ko ta taɓa iƙamarka, takardarka ta izinin zama.

Don Allah ka faɗa masa. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Jidda, kuma irin jininku yana zuwa hannuna. Tun kafin inji ya fitar da sakamako nakan yi zargi: in an juya kwalbar, jajayen ƙwayoyin sun cinye fiye da rabinta, ruwan saman ɗan kaɗan ne. Wannan kaurin jinin shi muke kira hematokrit. Na namiji lafiyayye bai cika wuce 50 cikin 100 ba, kuma ko wanda likita da kansa ya ɗora a kan testosteron, sinadarin mazantaka irin wanda ke cikin allurarka ta Sustanon, in ya haura 54 dakatar da shi ake yi, don gudun daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Ka haɗa wannan da zafin Jidda da gumin da kake zubarwa a nadi. To likitan da bai san kana allura ba me zai yi? Zai bi ta huhu, ya tambaye ka shisha, wataƙila ya tura ka gwajin ɓargo. Duk kuɗi ne da lokaci, alhali amsar tana cikin jakarka.

Akwai wani matashi namu da ya zo idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa kamar shayi, ya sosa hannayensa har sun yi sawu. Aka yi gwajin ciwon hanta iri-iri, babu. Aka yi hoton ciki, babu dutse a matsarmama. Makonni ana zagaye, shi kuwa yana ci gaba da haɗiyar ƙwayarsa, don a ganinsa ba ita ba ce. Sai ranar da ya ji ni ina waya da Hausa ya jawo ni gefe ya nuna mini hoton kwalin. Na riƙe hannunsa muka koma wurin likita tare. Dianabol da Anadrol da Winstrol na haɗiya an ƙera su ne yadda hanta ba za ta narkar da su da wuri ba, shi ya sa suke tsayar da ruwan matsarmama. Ya warke, alhamdu lillahi, amma sai da ciwon shawarar ya ɗauki watanni kafin ya sake shi.

Maganar aurenka ita ta fi damuna. In testosteron yana shigowa daga waje, ƙwaƙwalwa tana daina aika wa maraina saƙon yin aiki, sai su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, a wasu su ɓace ƙaf. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kwana 74 ko kusa da haka kafin ta nuna, kuma bayan an daina allura farfaɗowar takan ci watanni, wani ma ya wuce shekara. Deca kuwa tana daɗewa a jiki. Ga inda ɓoyewa ke cutarwa: ka daina, kasala da raunin sha'awa su kama ka, a gwada a ga testosteron ɗinka ya faɗi ƙasa, likitan da bai san tarihinka ba ya rubuta maka ƙarin testosteron. Sai a wayi gari ana yawo da amarya asibiti ana neman laifi a jikinta, baiwar Allah.

Tsoronka ba na banza ba ne, duk wanda ke zaune da iƙama ya san shi. Amma dokar aikin lafiya ta Saudiyya ta 2005, a sashe na 21, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin mara lafiya, sai a wurare ƙididdigaggu kamar umarnin kotu, hana aikata laifi, ko cuta mai yaɗuwa. Kafil ba ya cikinsu. Kamfanin tamin, wato inshorar lafiya, yana ganin sunan cutar da aka nemi ya biya, don haka in wannan ke hana ka barci, ka tambayi likita kai tsaye me zai rubuta, ko ka biya kuɗin ganinsa daga aljihunka. Abin da ke iya taɓa iƙama da gaske shi ne ciwon hanta na B da C da ƙanjamau, kuma ana ɗaukarsu ta allura ɗaya da kwalba ɗaya da ake zagayawa a ɗakin canja kaya. In ka taɓa yin haka, shi ma ka faɗa.

Ranar da za ka koma, ka ɗauki hoton kowace kwalba, ka rubuta miligiram nawa a mako, yaushe ka fara, yaushe ka yi ta ƙarshe, har da garin furotin da na kiriyatin da ake sha don gina tsoka, don suna iya sa gwajin ƙoda ya ruɗi likita. Kayan bayan fage ba kullum abin da ke jikin takarda ne ke ciki ba, amma hoton zai ba shi mafari. In Larabcinka bai nuna ba, ka ce masa "hormonat", zai gane. Ka roƙi a duba hanta da kitsen jini da zuciya. Ƙwayar kuwa ka daina shan ta tun yau. In kafin ranar ka ji ƙirjinka ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ko hannu ya mutu, kada ka jira, ka kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa. Allah ya ba ka lafiya, ya kai mu bikin.