Baba yana cin rabin kwano, ya ce ya cinye

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. In an kawo masa tuwo, gefen dama kawai yake ci, ya ce ya cinye. In muka tsaya ta hagunsa ko kallonmu ba ya yi, alhali an auna idonsa an ce lafiya lau. Kawunmu ya ce iska ce, har an ajiye maganin asibiti an koma hayaƙi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Idonsa na gani, ƙwaƙwalwa ce ta daina kula da hagu, domin gefenta na dama ne ya taɓu. Mai rabin makanta, wato wanda ba ya ganin gefe ɗaya, galibi ya san da larurarsa, yakan juya kai. Shi Baba bai ma san ya bar komai ba. A 1978 masu bincike biyu, Bisiach da Luzzatti, sun sa majinyata masu irin wannan larura su tuno babban dandalin birnin Milan na Italiya. Galibi gine-ginen dama suka lissafa. Da aka ce su ɗauka sun tsaya a ɗaya ƙarshen dandalin, sai ga waɗanda suka tsallake sun dawo. Har a tunani hagu ɓacewa yake.

Maganar Kawu ce ta fi damuna, kuma kullum sai na ji irinta. Jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ka, hoto ya nuna wurin ƙarara, amma wani mai sayar da turare da ko awon jini bai iya ba ya ce aljani ne. Ya karɓe kuɗin gida, ya rufe dattijo a ɗaki da hayaƙi, ya ce ƙwayar asibiti na ɓata aiki. Wane aiki? Hawan jinin da ya kayar da Baba yana nan, ba ya jin turare. Ajiye magani buɗe ƙofa ne ga shanyewar jiki karo na biyu, wanda sau da yawa ya fi na farko muni. Kuma watanni ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi farfaɗowa, ga shi biyu sun tafi. Addu'a kam a yi ta dare da rana, babu likitan da ya hana, amma Annabi (SAW) da kansa ya ce a nemi magani.

Ki samu Kawu cikin ladabi, gobe a mayar da Baba asibiti a auna jininsa, a haɗa shi da masu gashin ƙashi. A gida ku riƙa zama ta hagunsa kuna hira, ku ɗaura jan ƙyalle a gefen hagu na faranti ya nemo shi kafin ya fara ci. Kada ya tuƙa mota ko ya tsallaka titi shi kaɗai, kuma a kau da murhu daga hagunsa.