Gwanjo ko sabbin kaya masu araha?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko gwanjo za ki riƙa saye ko sabbin rigunan nan masu araha, don ba kya son kuɗinki ya je inda ake cutar wani.

Ni dai gwanjo na zaɓa. Arahar nan da kike gani, wani ne ya biya ta da guminsa. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu masu ɗinka wa manyan shagunan Turai da Amurka kaya. Ga shi kuma araha ba ta ado, wanki uku rigar ta saki.

Amma gwanjon ma sai da lura. In kin shiga kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, ɗaga rigar ki haska ta a rana, juya cikinta ki duba ɗinkin hammata da wuya, ki ja zif ɗin. Wadda ba za ki sa ba, bar ta ko nawa aka rage miki. Ni kaina akwai buhu guda a ƙarƙashin gadona da ban taɓa sawa ba.

Kayan fita kuwa, yanki yadi ki kai wa telan unguwarku, ki biya shi kuɗinsa cif.