Ku Tambayi Edita: Ɗan jarida da ɗan siyasa, jirgi ɗaya ne ya ɗebo su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Edita. Ni malamar makaranta ce. Na taso na ga mahaifinmu idan rediyo ta faɗi magana, to an gama, ba mai musu. Yanzu kuwa wakilin da na ji yana caccakar gwamna bara, bana shi ne mai magana da yawunsa. Wani yayana kuma ya ce da idonsa ya ga 'yan jarida sun yi layi suna karɓar ambulan bayan taro. Baba, don Allah ka faɗa min gaskiya, ba jirgi ɗaya ne ya ɗebo ku da 'yan siyasa ba? Daga Malama H.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Yayanki bai yi miki ƙarya ba. Ambulan akwai ta, kuma ba wani ɓoyewa ake yi ba. Ana tashi daga taron manema labarai, sai mai taimaka wa oga kan yaɗa labarai ya ja shugaban wakilai gefe su yi ƙus-ƙus. Can sai takarda ta fara zagayawa, kowa ya rubuta sunansa da gidan da yake wa aiki. Ba wanda zai kira abin cin hanci, kuɗin mota ake cewa. Ba kuma wanda zai ce ka rubuta ƙarya. Tambayar da ba ka yi ba, ita aka saya. Kwamishina ya ce an gyara asibitoci ashirin, kai ma ka rubuta ashirin, ba ka taka ƙafa ka ƙirga ba. Washegari labari ya fito tsaf, duk abin da ke ciki an faɗe shi a wurin taron, amma mai karatu an cuce shi. In baki ya ci, dole ido ya ji kunya.

Ba na wanke kowa, sai dai ki san inda ruwan ke shigowa. Akwai gidajen jaridar da ke yin wata da watanni ba albashi. Akwai ma masu miƙa wa yaro katin shaida kawai, su ce je ka nema da shi. Can sama kuma mai gidan yana zaman jiran tallar gwamnati da shafukan taya murna na ranar haihuwar manya, domin su ke biyan kuɗin takarda da na injin. Mu masu karatu fa? Mun daina sayen jarida, komai kyauta muke so a waya. Wanda ya biya shi ake wa aiki, kuma yau ba ke kike biya ba.

Kusancin nan ba sabon abu ba ne, kada ki ɗauka zamani ne ya lalace. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Obafemi Awolowo ya kafa Nigerian Tribune a 1949, M.K.O. Abiola ya kafa Concord a 1980. Dukansu 'yan siyasa ne masu jarida. A Italiya, Silvio Berlusconi yana firaminista yana kuma riƙe da manyan tashoshin talabijin masu zaman kansu. A Ingila, Andy Coulson ya bar kujerar editan News of the World ya zama daraktan yaɗa labarai na David Cameron, wanda ya yi firaministan Birtaniya, daga baya kotu ta ɗaure shi a 2014 kan satar sauraron saƙonnin wayoyin mutane. Jaridar da kanta rufe ta aka yi a 2011, bayan shekara 168 tana fitowa. Amma ki lura da wanda ya tona asirin: wani ɗan jarida ne na The Guardian ta Landan, Nick Davies, ya bi maganar shekara da shekaru bai gaji ba.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa duk ɗaya ne. A 1984 gwamnatin soja ta ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda a ƙarƙashin Doka ta 4, saboda labarin naɗin jakadu. Ranar 19 ga Oktoba, 1986 aka aika wa Dele Giwa na mujallar Newswatch bam a cikin ƙunshin wasiƙa har gidansa a Legas, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. A 1995 kotun soja ta ɗaure 'yan jarida huɗu, Chris Anyanwu da Kunle Ajibade da George Mbah da Ben Charles Obi, kan zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, ba su fito ba sai bayan rasuwar Abacha a 1998. Waɗannan da ambulan suke nema, da sun kwana a gidajensu lafiya.

Batun wakilin da ya koma mai magana da yawun gwamna kuwa, ni bai tayar min da hankali kamar yadda ya tayar miki ba. Irabor ɗin nan ya zama ɗan majalisar wakilai, Anyanwu ta zama sanata, Lateef Jakande daga ɗakin edita ya fito ya zama gwamnan Legas a 1979. Wanda ya ajiye biro a bainar jama'a ya ce na koma siyasa, ya sauƙaƙa miki, kin san rigar da ya sa. Wanda nake tsoro shi ne mai riƙe da makirufo da rana, da dare yana gidan gwamnati yana neman muƙami. Idan kika ga caccakar mutum ta tsaya cak ba tare da an gyara abin da yake caccaka a kai ba, to dama ba gyara yake nema ba, kira yake jira.

Sannan ki tambayi kanki wa ke cin riba idan jama'a suka yanke cewa duk 'yan jarida maƙaryata ne. Ba talaka ba ne. Ranar da aka fito da takardun kwangilar bogi, mai laifin ba sai ya kare kansa ba, cewa kawai zai yi an biya su ne, magoya baya su tafa. Donald Trump ya mai da kiran kafafen yaɗa labarai 'yan ƙarya waƙar bakinsa, shugabanni da yawa kuma sun kwaikwaye shi don sun ga tana ci.

Ni dai ba na ba gidan jarida amana dungurungum, labari-labari nake bi. Ina duba ko an ambaci sunan mai maganar, ko kuwa "wata majiya" ce daga farko har ƙarshe. Ina duba ko an nemi jin ta bakin wanda ake zargi. Abin da ya fi min nauyi shi ne ko gidan ya taɓa buga gyara. A 2004 New York Times ta fito ta ce rahotanninta kan makaman ƙare dangi na Iraƙi ba a tantance su yadda ya kamata ba. Ta makara, an riga an yi yaƙi, amma ta rubuta. Gidan da kika shekara kina bi bai taɓa cewa mun yi kuskure ba, to ba ya duba aikinsa ne.

TAMBAYA: Baba, ni na daina karanta jarida, a Facebook nake samun labari. Ai su ba mai gidan da zai hana su faɗar gaskiya, ko? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗana, da yawansu suna da mai gida, ba ka san sunansa ba ne kawai. Ka taɓa jin 'yan data? Kuɗin katin waya ake tura musu su yabi wane su zagi wane. Jarida ko ba komai tana da adireshi da edita, za ka iya maka ta a kotu. Shafin da ba suna ba fuska, idan ya yi maka ƙazafi wa za ka kama? Akwai masu aiki na gari a intanet, ban musa ba, kuma za ka gane su da nuna takarda. In kana son ka gwada da kanka, tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai a Najeriya, ba ta 'yan jarida kaɗai ba ce. Ka rubuta wa ma'aikatar tarayya ka nemi bayanin wata kwangila, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Ka riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa, ka aiko min da abin da suka ce, zan buga a wannan shafi.