Ƙarar da tsohuwar a-kori-kura ke yi in an sha kwana

Malam, ka ce tsohuwar Hilux ɗinka na yin ƙara duk lokacin da ka murɗa sitiyari, kana tambayar ko daga ina ne. Irin ƙarar ce za ta nuna maka wurin.

In kuka take yi kamar na kyanwa, musamman in ka kai sitiyarin ƙarshe, duba man sitiyari tukuna. Ya ragu, ko fambel ya saki. Wannan mai sauƙi ne.

In kuwa gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, boris ɗin taya ne. Ka lura: in ka karya dama ƙarar ta ƙaru, yawanci na hagu ne ya ci, domin nauyin motar a kansa yake komawa. Ƙas-ƙas-ƙas a jere kuma, in mai jan taya huɗu ce, haɗin shaf ɗin gaba ne, wato sandar da ke juya tayar gaba. Leƙa ƙasa, za ka ga robarsa ta yage, giris ya fantsama, yashi ya shiga.

Wanda ya fi damuna shi ne "gum" guda ɗaya a kwana ko a gargada. Ɗaga gaban da jak, ka tokare motar da kyau, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, sannan gefe da gefe. In tana wasa sama da ƙasa, boljoyin ne, wato gaɓar da ke riƙe da taya a jikin motar, ko boris. Gefe da gefe kuwa tayarod ne, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Don Allah kada ka ɗora wa motar kaya ka hau titi a haka, boljoyin in ya fice tayar kifewa take yi nan take. Kai ta gareji yau.