Wace a-kori-kura ce za ta ja injin tsaga katako?

Jiya muna naɗe zarto ka tambaye ni, ka ce: "Maigida, in mutum zai sayi a-kori-kura don ya riƙa jan injin tsaga katako zuwa inda gumagumai suke, wacce zai nema? Ba mai babban inji ba ce?" Na ce ka bari sai mun zauna, don ba amsar da ake bayarwa a tsaye ba ce. To ga ta, ɗana.

Girman injin mota shi ne abu na ƙarshe da za ka damu da shi. Injin tsaga katako mai tayoyi ba shi da nauyin da mutane ke zato. Ƙananan da ake tura zartonsu da hannu, da wuya su wuce kilo 700 zuwa 1,200 har da tirelarsu. Manyan masu haidirolik, waɗanda ke ɗaga gungume su juya shi da kansu, sukan kama daga kilo 1,800 zuwa 2,500. Motoci irin su Toyota Hilux, Ford Ranger da Isuzu D-Max, da yawa daga cikin samfurorinsu an rubuta musu jan kilo 3,000 zuwa 3,500, in tirelar tana da birki. Ka ga ke nan ja ba shi ne matsala ba. Inda ake cin tuwo a sha ruwa da kyar shi ne kayan da ke cikin bodi, da tsayawa, da ranar da za ka ce bari ka kwaso gumagumai.

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙi, akwai farantin ƙarfe ko takarda da kamfani ya manna. A nan, ko a littafin motar, za ka sami lambobin da za ka yi aiki da su: iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, iyakar abin da kowane aksil zai ɗauka, da iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Abin da mai sayarwa ya faɗa da baki, ka ji shi kawai. Samfuri ɗaya, shekara ɗaya, sai ka ga lambobin sun bambanta saboda wannan mai ƙofa huɗu ce waccan mai biyu, ko giyarsu ba iri ɗaya ba ce.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Mu ce motar ita kaɗai kilo 2,100 ce, iyakarta kuma 3,050. Abin da za ta ɗauka ke nan kilo 950. Ku uku ne a ciki, kilo 225 sun tafi. Injin tsaga katakon kilo 1,800 ne, hancin tirelarsa zai danne ƙugiya, wato ƙarfen bayan mota da ake maƙala tirela, da kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, kilo 180, kuma wannan a wuyan motar yake. Ƙarfen ƙugiyar kansa kilo 30. Zarton sarƙa, sanduna masu ƙugiya na juya gungume, jak, sarƙoƙi, guntayen katakon daidaita ƙafafun inji da akwatin kayan aiki, ka sa kilo 120. Jarka biyu na mai, 40. Jarka uku na ruwan da ke sanyaya zarto, 60. Kwalin zartuna, 20. Jimla 675. Saura kilo 275. Yanzu ka tuna ɗanyen falanki na itace mai tauri, kauri santimita 5, faɗi 25, tsawo mita 3.6, yana kai kilo 40. Falanki shida ka ɗora motar ta cika, alhali bodin a ido ko rubu'i bai kai ba. A nan mutane ke cutar kansu, don ido na ganin fili sai hannu ya ci gaba da lodi.

Akwai kuma abin da lissafin nan bai nuna ba. Ƙwallon ƙugiya yana can bayan tayoyin baya da kamar mita ɗaya da 'yan kai, saboda haka nauyin da ya hau shi yana aiki kamar wanda ya taka ƙarshen benci. In tsakanin aksil biyu mita 3.1 ne, ƙwallon kuma yana mita 1.2 a baya, kilo 180 ɗin nan zai sauka a aksil na baya a matsayin kusan 250, ya kuma ɗage kusan 70 daga tayoyin gaba. Tayoyin gaba kuwa su ne masu sitiyari, su ne kuma masu yin mafi yawan aikin birki. In ka ga mota ta zauna da baya, fitilunta na haska saman bishiya, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, wannan ne. Shi ya sa in motoci biyu suka zo daidai a komai, nakan ce a ɗauki wadda tsakanin tayoyinta ya fi tsawo, wadda kuma bayanta bai zarce tayoyin baya da yawa ba. Injin tsaga katako dogo ne, wani ya kai mita 8, kuma sau da yawa aksil ɗaya gare shi. Gajeriyar mota ba ta iya tanƙwara dogon abu in ya fara rawa.

Rawar nan, yawanci daga hanci take. Kan injin, wato wurin da injin da ke juya zarto da ƙafafun da zarton ke zagayawa suke, shi ne mafi nauyi, kuma yana tafiya a kan gado daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kamfani ya ware wuri ɗaya da ake ajiye shi a kulle da fil ko sarƙa lokacin tafiya, don a nan ne nauyin hanci yake fitowa daidai. In ka ɗaure shi a baya da wurin, hanci ya yi sauƙi, da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta gifta ka sai wutsiya ta fara kaɗawa. In ka manta ba ka kulle shi ba sam, birki ɗaya zai taho da gudu ya daki ƙarshen gado. In rawa ta kama ka a hanya, kada ka taka birki da ƙarfi, kada kuma ka bi ta da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, in birkin tirelar na lantarki ne ka ja shi shi kaɗai da hannu, sai ta miƙe.

Batun birki ke nan. Yawancin a-kori-kurar da na ambata, in tirela ba ta da nata birkin, kilo 750 kawai kamfani ya yarda ta ja, kuma dokar ƙasashen Turai ma a nan ta tsaya. A Amurka kowace jiha da nata ƙa'idar. Duk inda kake ka san dokar wurin, amma ko babu doka, injin da ya kai tan guda da rabi ba ya bin mota babu birki. Iri biyu za ka gamu da su. Akwai wanda ke aiki da turi: mota ta rage gudu, tirela ta turo, ƙugiyarta ta matse ta kama birki. Wannan ba ya neman komai daga mota, sai dai wasunsa sukan cije in kana ribas zuwa tudu, sai ka sa musu makulli. Akwai na lantarki, shi kuma dole motar ta kasance da na'urar sarrafa shi kusa da direba da soket mai baki bakwai. Soket mai baki huɗu fitilu kawai yake ba wuta. Don haka ka san irin birkin injinka kafin ka je kallon mota. Saitin na lantarki kuwa a fili ake yinsa: ka yi gudun kamar kilomita 40, ka ja birkin tirelar da hannu, ka yi ta ƙarawa har tayoyin su kusa cijewa, sannan ka ɗan rage.

Ƙugiya kada ta zama ta bamba. A jikin shasi ake ɗaure ta da noti masu ƙarfi, kuma tana da nata lambar nauyi a rubuce, haka ƙwallon ma. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin lambobin nan, shi ne iyakarka. Ƙugiyar da wani ya haɗa da walda babu lamba, a cire ta. Girman ƙwallo kuma dole ya yi daidai da bakin tirela: akwai inci 1 da 7/8, inci 2, inci 2 da 5/16, akwai kuma milimita 50. Bakin inci 2 zai zauna lafiya lau a kan ƙwallon 1 da 7/8, ya ma rufe, sai an faɗa rami ya tsinke. Bayan ka rufe, ka ɗaga hancin da jak ɗinsa, in bayan motar ya biyo shi sama to ya kama. Sarƙoƙi biyu su gitta juna a ƙarƙashin hanci, igiyar birkin gaggawa kuma a jikin mota take, ba a jikin sarƙa ba. Tsayin ƙwallo ya sa gadon injin ya kwanta daidai da ƙasa. In mota ta yi tsayi, a sa ƙarfe mai saukowa, in ba haka ba wutsiyar injin za ta riƙa shara ƙasa a kowane kwari, ƙafafun daidaitawa na baya su lanƙwashe. Gado in ya karkace kuwa, katakonka ba zai ƙara fita a miƙe ba.

Dizal ko fetur, ba zan daɗe a nan ba. Dizal ya fi ƙarfin ja a ƙaramin juyi, ya fi kuma jimirin mai in da lodi. Fetur ya fi sauƙin gyara, kuma ga injin da bai kai tan biyu ba ya wadatar. Abin da ba na yarda a yi wasa da shi shi ne jan taya huɗu mai ƙaramar giya, wadda aka rubuta 4L. Gumagumai ba a bakin kwalta suke ba. Za ka shiga da inji kan ƙasa mai laushi, ka yi ribas da abu mai mita 8 tsakanin kututture da kututture, a hankali kamar mai sa zare a allura. Da giyar hannu babu 4L, ƙafarka za ta zauna a rabin kuloci har ka ji ƙaurinsa. Da 4L sai motar ta rarrafa da kanta. Amma ka cire ta kafin ka hau busasshiyar kwalta, don yawancin waɗannan motoci in tayoyin gaba da na baya suna kulle tare a inda ba sa iya ɗan zamewa, ƙarafan ciki ne ke murɗewa. In giya mai canza kanta ce, zafi ne maƙiyinta, ka tabbatar tana da na'urar sanyaya man giya. A gangara mai tsawo ka sauko da giya ƙasa, injin mota ya riƙe, don birkin da aka zauna a kai yakan yi zafi ya daina kamawa.

Taya ma lamba gare ta. A gefenta, bayan girma, akwai lambar nauyi: 112 na nufin kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Haɗa na tayoyin baya biyu, kada ya gaza iyakar aksil. Masu harafin LT gefensu ya fi tauri, ba sa lilo da lodi, ba sa kuma saurin tsagewa a kan kututture. Iska da sanyin safiya ake aunawa.

Yanzu tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka: injin kawai motar za ta ja, ko har da itace? Gungume mai faɗin santimita 50, tsawon mita 4, ɗanye, in itace mai tauri ne yana kusan kilo 800. Guda uku a kan tirelar da ita kanta kilo 800 ce, ka kai 3,200. Koma kan motarmu ta ɗazu, mu ce iyakarta da tirela a haɗe 5,850 ne. Cire 3,200, cire nauyinta 2,100, saura 550 na mutane da kaya duka. A takarda ba ta ƙetare iyaka ba, amma motar da kullum take bakin iyakarta, kuloci da sifirin da birki ba sa daɗewa. Masu sana'a sukan bar kashi 20 cikin ɗari a matsayin rara, ni ma haka nake so ka yi. In ɗaukar gumagumai zai zama aikin kowane mako, matsakaiciyar a-kori-kura ta yi maka kaɗan. Ko ka nemi babba irin Ford F-250, ko ka bar wa babbar mota itace, taka ta tsaya kan inji da kayan aiki. Sai dai babbar ma da nata: ta fi nutsewa a taɓo, ta fi wuyar juyawa a ƙunci.

In ta hannu za ka saya, kwanta a ƙarƙashinta da tocila kafin ka kalli fenti. Duba shasi a wurin da sifirin na baya suke rataye da inda ƙugiya take, ka nemi tsaga, sabuwar walda, ko tsatsar da ke ɓarewa in ka caka sukundireba. Sifirin da suka miƙe ɗoɗar ko suka lanƙwasa ta baya sun sha lodi. In giyar mai canza kanta ce kuma tana da sandar awo, zaro ta: man da ya koma ruwan ƙasa mai duhu yana ƙauri ya dahu. A giyar hannu, sa giya ta sama a ƙaramin gudu ka taka totur, in injin ya yi kuka gudu bai ƙaru ba kuloci na zamewa. Duba lagireto ko yana yoyo, ka tambayi yaushe aka canza man birki, don yana shan danshi, in ya wuce shekara biyu yana iya tafasa a gangara.

In mai ita ya yarda, ɗaura injin ka gwada ta da shi. Nemi tudu, ka sa ido kan allurar zafi. Ka wuce ta sikelin manyan motoci ka auna aksil na gaba, na baya, da na injin, kowanne daban, ka gwada da abin da ke jikin ƙofa. Bayan kilomita 15 ko 20 ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da cibiyar tayar injin. Ɗumi ba komai, amma in ba ta taɓuwa, boris na neman giris ko birki na riƙe, kuma ba a ci gaba da tafiya sai an kwance an duba.